Sai Sunan Juwaira Ya Ɓace

"Amarya, ɗago mana ki kalle ni... yauwa, kar ki motsa!"

Bahijja ta ɗago kai. Tana zaune a bakin gado, guɗar matan da suka kawo lefenta tana shigowa daga tsakar gida. Ishatu ce tsaye a kanta, 'yar ƙanwar baban Mujahid angon, wadda ta tashi a gidansu na Hanwa, kuma kowa ya san tun tana sakandare take yi masa kallon miji. A hannunta akwai 'yar kyamarar nan tasa mai ruwan toka, wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba.

"Ina kika samo kyamarar Ya Mujahid?"

"A aljihun kaftaninsa mana. Shi da ba ya rabuwa da ita, yau Allah Ya yi ya manta." Ishatu ta yi wani murmushi mai sanyi. "Kin taɓa ganin abin da yake gani in yana ɗaukarki?"

"Ban gane ba..."

"Yanzu za ki gane."

Ta sa ɗan yatsa ta ɗago allon da ke bayan kyamarar, ya juyo ya fuskanci Bahijja. Ta ga kanta a ciki, da mayafinta mai ruwan ƙasa, baki a rufe, kai a ɗan karkace. Wani ɗan akwati rawaya ya zo ya kewaye fuskarta. A ƙarƙashinsa rubutu ya fito da manyan baƙaƙe.

JUWAIRA.

Ta sake karanta sunan.

Juwairiyya yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita Mujahid ya fara nema, har an sa rana, saura ƙiris biki zazzaɓi ya kwantar da ita, bai ɗaga ta ba. Shekara uku ke nan tana kwance a maƙabarta.

"Innalillahi..." Bahijja ta ɗago ta dubi Ishatu. "Me kika yi wa kyamarar?"

"Ni? Wallahi ko taɓa ciki ban yi ba. Haka take kiranki kullum, a gaban idonsa, kuma bai taɓa gaya miki ba." Ishatu ta sunkuyo dab da kunnenta. "Ko ƙarfe ya san wadda ake aure, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Allah Ya sanya alheri, ƙanwar amarya!"

Bahijja ta fizge kyamarar. Ishatu ba ta ko yi jayayya ba, ta gyara ɗaurinta ta fice tana taya matan guɗa. Aikin da ya kawo ta ai ta gama.

*

A ranar Mujahid ya kira har wayar ta yi zafi. Ba ta ɗauka ba.

Washegari ta durƙusa gaban mahaifinta, Malam Yusha'u, yana shirin fita shago.

"Baba, a ɗan dakata da maganar..."

Ya daɗe yana kallonta. "Ya yi miki wani abu ne?"

"A'a."

"To, ni ban ba da ke ba sai da kika ce kina so, ba kuma zan kai ki ba sai kin ce kina so. Ki yi tunani."

Labari ba ya kwana tsakanin Tudun Wada da Hanwa. Kafin azahar Hajiyar Mujahid ta aiko da saƙo ta bakin ƙanwarta: ita dama tun farko ba ta so ba, ba ta ga dalilin da za a mayar mata da ɗa mai gadin kabari ba, ga yarinya a gida ta san cinsa ta san shansa. Ba sai an faɗi sunan yarinyar ba.

Inna ce ta shigo ɗakin da kuka.

"Haba 'yata, kar ki yi mini haka. Gidan nan sau biyu zai ga lefe bai ga biki ba? Haba Juwai..." Ta haɗiye sauran. "Haba Bahijja."

Wannan tuntuɓen harshen ba yau ya fara ba, kuma in za a faɗi gaskiya, Bahijja ce ta ba shi wurin zama. Da can ita ce rediyon gidan, haka Baba yake kiranta. Ga surutu, ga tsiwa, ga dariyar da ake jiyowa daga bakin titi, ga wushirya a fili. Juwaira ce mai sanyi, mai murmushi da baki a rufe. Kamarsu ɗaya sak, amma ba wanda ya taɓa ruɗewa, domin kafin ka ga Bahijja ka riga ka ji ta.

Da aka yi rasuwar Inna ta daina cin abinci. Rannan aka aiki Bahijja, cikin sauri ta yafa mayafin marigayiya, ta zo wucewa shiru saboda baƙin ciki. Inna ta bi ta da kallo, ta yi murmushin farko tun ranar jana'iza, ta jawo kwano ta ci tuwo.

Shi ke nan. Bahijja ta ci gaba da yafa mayafan, ta rage murya, ta koyi rufe baki in za ta yi murmushi, ta koyi karkatar da kai. Mutane suka yi ta yabo, wai yarinya ta yi hankali. Da Mujahid ya dawo gaishe da Inna, gaisuwa ta zama hira, hira ta zama zance, ta ƙaunace shi har cikin ɓargonta. Tambaya ɗaya ce ba ta taɓa yarda ta yi wa kanta ba, sai ga 'yar kyamara ta amsa mata ita a gaban mai kishi da ita.

Wa yake so?

Washegari da hantsi gidan ya yi tsit, ta rufe ƙofa ta ɗauko kyamarar. Ta danna maɓallin kunnawa, idon ya zuro waje da ɗan ƙara. Ta ɗago allon.

Akwatin ya zo. Sunan ya biyo shi.

Ta juya bayanta, babu kowa sai rigunan da ke rataye. Ta mayar da ido kan allon, fuskar da ke ciki ta kalle ta da wannan sanyin da ta sani tun suna kwana a tabarma ɗaya.

"Yaya...?" ta ce a hankali. "Ke ce? Haushina kike ji?"

Rubutun ya yi rawa, ya ɓace, ya dawo.

Ta jefar da kyamarar kan katifa ta fita da gudu ba takalmi.

*

Madam Chizoba tana da shagon wanke hoto a hanyar Kongo. Haihuwar Tudun Wada ce, Hausa ta zauna a bakinta daram, kuma ita ta wanke hotunan sa ranar Juwaira. Can Bahijja ta nufa bayan ta yi ta maza ta koma ta ɗauko kyamarar. Da Chizoba ta gan ta da jajayen idanu sai ta kori mai jiran fasfo zuwa benci, ta ja ta ciki.

"Madam, don Allah ki duba mini. Akwai wani abu a cikin kyamarar nan..."

Chizoba ta kunna, ta saita ta, ta ga sunan. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Allah Ya jiƙan yarinyar nan. Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba aljani ba ne. Irin waɗannan ƙananan suna haddace fuska. Ka ɗauki mutum sau ɗaya, ka rubuta sunansa, daga nan duk inda ta gan shi a cikin taro shi za ta fara nema, ta gyara haske a kansa. A shagon nan yayarki ta rubuta sunan da hannunta, ina tsaye. Tana dariya tana cewa ko cikin mata ɗari ne ranar biki, ita za a fara gani."

Hawaye ya zubo wa Bahijja. "Ke nan ni ma ita take gani."

"Kamar ce ta yi yawa."

"Shi ma ita yake gani..."

"Wannan kuma ban sani ba, ni ba na wanke zuciya." Chizoba ta shiga danne-danne. "Amma tsaya. Duk hoton da aka ɗauka sunan yana kai, kyamarar tana tara shi wuri ɗaya, ƙarƙashin sunan. Bari mu ga."

Ta buɗe. Juwaira a zaure. Juwaira da lalle. Juwaira ta kare fuska da tafin hannu. Juwaira a gadon asibiti tana ƙoƙarin murmushi. Chizoba ta sake dannawa, hoton farko ya dawo.

"Sun ƙare?" Bahijja ta tambaya.

"Sun ƙare."

"Nawa fa? Ai ya ɗauke ni ya fi a ƙirga."

"Naki suna can cikin sauran, tare da hotunan ɗalibansa da na gini da na akuyoyi."

Ta buɗe mata su. Bahijja ta san su sarai, ai sun sha faɗa a kansu. Ga ta baki buɗe tana masifa. Ga ta tana dariya har ido ya rufe, wushirya a waje. Ga ta ta murguɗa baki. Ga ta tana hararar mai ɗauka da mangwaro a hannu. Ko ɗaya babu na kirki da mace za ta sa a waya ta yi alfahari.

"To ko kyamarar ba ta tarawa yanzu?" ta ce. "Ko ta lalace?"

"Zauna yadda kike zama."

Ta gyara mayafi, ta rufe baki, kanta ya karkata da kansa. Filasha ta haska. Chizoba ta juyo mata da allon, ta buɗe wurin Juwaira. Ga sabon hoton nan a ƙarshe, dab da na gadon asibiti.

Bahijja ta dafe teburin.

Sai yanzu ta tuna. Mujahid bai taɓa ɗaukarta da wuri ba. Zai ɗaga kyamarar ya tsaya, ya yi ta tsayawa, har wuyanta ya ƙage. Sai ya fara tsokana, wai hancinta ya karkace, wai miyar da ta aiko masa gishiri ya yi mata gardama. Sai ta ƙule ko ta fashe da dariya, sannan ta ji ƙyas.

"Madam," ta ce, "ki wanke mini wannan na ƙarshen."

*

Bayan la'asar ta aika ya zo. Ya rame a kwana biyun nan, hularsa ma a karkace take. Ya zauna a kan tabarmar zauren da ya taɓa zama don yayarta, lokacin ita ce mai kawo masa ruwa tana yi masa tsiya.

Ta ajiye kyamarar a tsakaninsu.

"Bahijjata..."

"Kar ka kira ni da komai tukuna. Tambaya zan yi, kuma don girman Allah kar ka lallashe ni. Ranar da ka fara dawowa gidan nan, wa ka zo gani?"

Ya sunkuyar da kai. "Ita."

Ta runtse ido. Ta san amsar, amma jin ta daban ne.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," ya ce. "Na shigo gaishe da Inna na gan ki a mayafinta, na ɗauka ita ce ta dawo. Na yi ta dawowa don in ga fuskar. Na san ba daidai ba ne, amma na kasa dainawa."

"Ka ci gaba."

"Rannan muna nan, na ɗaga kyamarar, sunan ya fito kamar kullum. Sai mai ruwa ya shigo da kurarsa ya take miki shukar na'ana'ar da ke bakin ƙofa. Kin tuna?"

Ta tuna. Ta wanke mutumin tas, har maƙwabta suka leƙo.

"Kina buɗe baki sunan ya ɓace. Na ga wata yarinya a allon, ido ya yi ja, hannu a ƙugu, kyamarar ba ta san ta ba. Ni kuwa na san ta. Ita ce mai zuba mini gishiri a ruwa in na daɗe a zance." Ya yi ɗan murmushi, idonsa ya ciko. "Na danna. Na kai hoton gida na kwana ina kallo ina dariya ni kaɗai kamar mahaukaci. Rabona da dariya tun ranar da muka dawo daga maƙabarta."

"Ya Mujahid..."

"Tun daga ranar ban sake dannawa ba sai sunan ya ɓace. Wani lokaci kina wahalar da ni, wallahi. Sai in yi ta neman abin da zai fito da ke."

"Me ya hana ka goge sunan?"

"Na kasa. Hannunta ne ya rubuta." Ya ɗago ya dube ta ido cikin ido. "Kuma in na goge, da me zan riƙa gane ranar da kika ɓuya? Ni ma tsoro nake ji, hasken idona. Duk sanda kika yi shiru kika karkatar da kai, sai in ji kamar ina zaune da wadda na zuba wa ƙasa da hannuna. Ita na so ta, Allah Ya karɓi abarsa. Ke nake so in aura. Amma ban san ko za a ba ni ke ba, ko wadda kike ajiye wa Inna za a kai mini."

Kuka ya ƙwace mata, irin nata na da, mai ƙara, ba mai sanyin da ta koya ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In ce ki daina abin da ke sa mahaifiyarki cin abinci?"

Ta share fuska da gefen mayafin, sai ta tsaya tana kallon gefen mayafin.

"Hajiya fa? Da Ishatu?"

"Hajiya ta ce ba ta son in auri inuwa, kuma gaskiyarta. Jiya na zauna na nuna mata hotunanki a wayata, har na mangwaron. Ta ce in wannan mai bakin ce ta yarda, amma ita ba ta taɓa ganinta ba." Ya ɗan yi tsaki. "Ishatu kuwa ta yi don ta raba, Allah Ya shirye ta. In ban da ita yaushe za mu yi wannan maganar?"

Bahijja ta miƙe. "Jira ni."

*

Inna tana ɗaki tana tsince shinkafa. Bahijja ta buɗe akwati ta kwaso mayafan gaba ɗaya, ta cire na kanta ta ɗora a sama, ta ajiye su a gabanta. Sannan ta miƙa mata hoton da Madam Chizoba ta wanke.

Inna ta goge hannu ta karɓa. Fuskarta ta yi haske.

"Allah sarki... yaushe Juwaira ta ɗauki wannan? Ban taɓa ganinsa ba."

"Ɗazu, Inna."

"Ɗazu?"

"Ni ce."

Farantin shinkafar ya zame daga cinyarta. Ta dubi hoton, ta dubi 'yar da ke durƙushe gabanta kai ba mayafi, ta sake duban hoton.

"Na gaji, Inna," Bahijja ta ce cikin kuka. "Ina sonta, wallahi ina kewarta kullum, amma na gaji. Ɗaya kika rasa. Don Allah kar ki bari ta zama biyu..."

Inna ta jawo ta ta ƙanƙame, ƙirjinta yana bugawa a kunnen Bahijja.

"Ki yafe mini," ta ce. "Ina gani, na yi shiru don ina jin daɗi. Ki yafe wa uwarki, Bahijja... Bahijja... Bahijjata."

Sau uku ta faɗa, harshenta bai yi tuntuɓe ba.

*

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Waɗanda suka je kamu sun ce ba su taɓa ganin amarya mai surutu irin wannan ba, har sai da gwaggonta ta riƙa zungurinta. Hajiyar Mujahid ta yi dariya har da riƙe ciki. Ishatu ta ce kanta ke ciwo, ba ta zo ba.

Watanni suka wuce. Wata safiyar Asabar a gidansu na Gyallesu, Bahijja tana zaune a bakin baranda tana gyaran zogale, shiru, hankalinta yana wani wuri. Mujahid ya fito, ya zaro kyamarar daga aljihu ya ɗaga.

Ƙyas!

Ta ɗago da mamaki. "Yau ba tsokana? Ba ka jira ba?"

Bai sauke kyamarar ba. Yana kallon allon.

"Ya Mujahid, lafiya?"

"Babu abin jira," ya ce a hankali. "Sunan ya kwana biyu bai fito ba. Na rasa yadda zan gaya miki."

Ta ture tiren ta karɓi kyamarar, ta ɗago allon ya fuskance ta. Akwatin ya zo ya kewaye fuskarta, fari, ba rawaya ba. Ƙarƙashinsa babu komai.

"Ka goge ne?"

"Wallahi ban taɓa ba. Yana ciki."

Ta rufe baki. Ta karkatar da kai. Ta sassauta ido yadda ta yi shekara uku tana yi ba tare da tunani ba. Kumatunta sun ciko, dariya ta yi mata layi a gefen baki, kuma wuyan ma ya manta inda yake tsayawa. Ta gyara, ta sake gwadawa. Ta matsa cikin inuwa, ta dawo rana.

Akwatin ya tsaya fari.

Abin da ta roƙa ke nan, ta kuma samu. Ba wanda ya gaya mata zai yi ciwo haka.

"Yaya..." ta kira, can ƙasa. "Yaya Juwaira...?"

Matar da ke cikin allon ta buɗe baki tare da ita, wushirya a fili, hawaye yana gangarowa.

Mujahid ya zauna kusa da ita, ya kwantar da kanta a kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallon wurin da sunan yake fitowa.

"Allah Ya jiƙanki, Yaya," ta ce. "Yau kam kin tafi."

Ta sa yatsa ta kashe kyamarar da kanta, idon ya koma ciki ya rufe.